Takin feshi da gonar gyaɗa

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan gona a 'yan shekarun nan zai ga kwalaben takin ruwa jere, masu sayarwa na rantsuwa cewa feshi biyu ko uku a ganye zai ninka buhunan gyaɗa. Tsadar takin zamani ta sa manoma da dama sun karkata gare shi, wasu har da kuɗin bashi. Ba na cikin masu cewa takin feshi yaudara ne, amma ina ganin ana ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Gyaɗa ba kamar masara ba ce. Tana da ƙululai a saiwarta, inda wasu ƙwayoyin halitta ke samar mata da sinadarin naitirojin daga iska, don haka ba ta cika buƙatar yuriya ba. Sannan 'ya'yanta a cikin ƙasa suke girma. Bayan fure, wani tsinke ne ke sauka ya nutse cikin ƙasa, a ƙarshensa kwanso ya fito. Wannan kwanso yana tsotsar sinadarin kalsiyam ne kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi, domin kalsiyam ba ya saukowa daga ganye zuwa gare shi. Ko tulu guda aka zuba wa ganye, muddin ƙasa ba ta da shi, ranar cira manomi zai tarar da kwanso babu ƙwaya. Shi ya sa malaman gona suka daɗe suna ba da shawarar takin sufa, wanda ke ɗauke da fosfaras da kalsiyam da salfa, a sa shi a ƙasa tun lokacin shuka.

Inda feshi ke da amfani na gaske shi ne sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan, irin su boron da zink da ƙarfe. Ƙarancin boron na sa cikin ƙwaya ya yi rami, ƙarancin ƙarfe kuma na sa sabon ganye ya yi rawaya. A nan feshi kan kawo gyara cikin sauri, in an yi shi da sassafe ko da yamma, bisa ma'aunin da aka rubuta. Wanda ya ƙara hannu da tsakar rana, ganyen zai ƙone.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne kyan gani. Gonar da aka fesa takan yi kore shar, harawa ta yi yawa, kuma harawa kuɗi ce, ban musa ba. Amma mai man gyaɗa da mai ƙuliƙuli ƙwaya suke saye.

Shawarata ga mai niyyar gwadawa a daminar bana: ya ware kunya goma ya fesa, ya bar goma kusa da su ba feshi, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. In an cire an shanya, ya ɓare kowanne daban ya auna da mudu, sannan ya cire kuɗin kwalba da na mai feshi daga abin da ya ƙaru.