Gudun Sadaka da Agogo a Hannu: Ina Matsayin Niyya?

Tun shekarar 1981 ake gudanar da gasar gudun yada-ƙanin-wani ta birnin Landan, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, kuma abin da masu gudunta suka tara wa ƙungiyoyin jinƙai ya haura fam biliyan ɗaya. Mai gudu yakan sanar da cewa zai shiga tseren ne domin marayu ko majinyata, 'yan'uwa da abokai kuma su bayar da abin da ya sawwaƙa. A ƙasarmu an fara gasar Legas a 2016, kuma sha'awar gudun titi tana ta shiga zukatan matasa.

Sai dai mai gudun yakan ɗaura agogo a hannu, yana fatan ya kammala cikin lokacin da bai taɓa yi ba. Mu ɗauka matashi ne daga Danchadi ko Shagari, da ke fita atisaye bayan sallar Asuba. Ya taɓa cinye kilomita 10 cikin minti 50, yanzu yana harin 47, kuma ya ce gudun na marayun garinsu ne. Shin burin agogon ya ɓata masa ladan sadakar? A fahimtata bai ɓata ba.

Tseren ƙafa yana da asali a Sunna. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Muslim kuma ya ruwaito cewa Salamatu ɗan Akwa'u (RA) ya nemi izinin Annabi ya yi tsere da wani Ba'ansare a hanyar komawa Madina, ya kuwa riga shi isa. Malaman Malikiyya sun halatta tseren ƙafa idan ba a ɗora kuɗi a kansa ba, wanda kuwa yake tsere da lokacinsa na jiya babu wanda zai ci wa dukiya.

Game da niyya, Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambanta riya da haɗa manufa biyu a cikin littafinsa Al-Furuƙ. Wanda ya tafi Hajji ya haɗa da fatauci, ko ya yi azumi yana kuma neman lafiyar jiki, bai yi riya ba, domin bai nufi idon mutane ba. Riya ita ce yin ibada domin a gani a yaba. A bisa wannan ma'auni, neman rage minti uku amfani ne halattacce da ke tafiya tare da aikin alheri, har ma yakan zama abin da ke tayar da mutum atisaye a sanyin hunturu.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Na farko shi ne kyamara. Idan hoton mai gudu da lambar yabonsa ya cika Facebook, marayun kuma suka koma ado a ƙarƙashin hoton, to a tuna da hadisin Muslim game da mutum uku da za a fara hukuntawa ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ciyar domin a kira shi mai kyauta. Na biyu shi ne amana. Kuɗin da aka tara da sunan mabukata haƙƙinsu ne, bai halatta riguna da rumfuna da lasifika su lashe shi ba. A bayyana abin da aka samu da inda ya tafi, a damƙa shi ga hannun da aka sani, kamar Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ko amintattun dattawan gari.

Akwai kuma iyakokin da agogo ba ya ɗage su: suturar da ke rufe al'aura, kiyaye lokacin salla, da haƙƙin jiki. A ƙasar Boɗinga zafin Afrilu yakan haura digiri 40, saboda haka mai hankali zai zaɓi Disamba ko Janairu, da sanyin safiya, ya kuma tanadi ruwa.

Mai son auna zuciyarsa ya tambayi kansa tun kafin a busa usur: idan ina kilomita na takwas, lokacin da nake hari yana hannuna, sai wani ya yanke jiki ya faɗi a gabana, zan tsaya? Wanda amsarsa ita ce zai tsaya, ya ɗaura agogonsa ya yi gudu iya ƙarfinsa. Wanda ya ji zuciyarsa tana jinkiri, ya gyara niyya kafin ya ɗaure igiyar takalmi. Allah Ya ba mu ikhlasi a ayyukanmu na fili da na ɓoye.