Ɗan aiken da ba ya tambaya

'Yan uwa marubuta, tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP a Nuwamba 2024 ake ta jona wa ƙirƙirarriyar basira kayan aiki, wannan na tura saƙo, wancan na goge fayil. Ita kuwa ba ta ganin cikinsu, sai suna da ɗan bayanin da wani ya rubuta.

Ni ma'aunina ɗaya ne: miƙa wa ƙaninka bayanin. In "yana goge fayil" kawai ya gani, zai ce wanne? Ana iya dawo da shi? Na'ura sau da yawa canka take yi, ta goge.

Bayanin da ƙaninka ya yi wa tambaya bai kammala ba, komai ƙwarewar injiniyan da ya rubuta shi.