Wa Ke Da Hanya A Harabar Jami'a?



Mu 'yan Gwarzo da Kabo, idan za mu shiga Kano, titin Gwarzo muke bi. Mu wuce Rimin Gado, mu ratsa Janguza, mu gifta ƙofar sabuwar harabar Jami'ar Bayero, sannan Rijiyar Zaki da Kabuga. Wannan titi da ya miƙe har Dayi ta jihar Katsina, yau ya zama titin ɗalibai. A Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. A Kabo an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda Sanata Barau Jibrin ya ɗauki nauyin ƙudirin ɗaga ta zuwa jami'a. Murna kam mun yi, kuma ta cancanta. Sai dai duk hirar da ake yi a majalisu, ta gine-gine ce da guraben aiki da kuɗin filaye da ya tashi. Ba mu ji ana tambayar yadda ɗalibi zai taka daga ɗakin kwanansa zuwa aji ya dawo lafiya ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: a cikin harabar makaranta, mai tafiya a ƙasa shi ke da hanya, mai mota baƙo ne. Duk dokar tuƙi da ta ajiye mota da za a rubuta, daga nan ya kamata ta taso. Kuma Kabo ta fi kowa damar yin haka, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jami'a gari ce sukutum. Akwai masallaci, da asibiti, da 'yar kasuwa, da gidajen ma'aikata inda yara ƙanana ke wasa a bakin titi. Mafi yawan mutanen wannan gari kuwa a ƙasa suke tafiya, kuma matasa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku duba shekarun nan da kyau. Shekarun ɗan firamare ne, da ɗan sakandare, da ɗalibin jami'a, da ma yawancinmu da ke wannan zaure.

Mu ɗan yi lissafi irin na 'yan kwalejin fasaha, ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita takwas da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 60 tana cin kusan mita goma sha bakwai. Kafin direba ya ga yarinya ta sauko titi, ƙwaƙwalwarsa ta aika wa ƙafarsa saƙo, ƙafar ta sauka a kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. Bayan ya taka birkin ma da saura, domin idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke ja kafin ta tsaya ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya. To me mai gudun yake samu? Tafiyar kilomita ɗaya a cikin makaranta minti biyu ce a kan 30, minti ɗaya a kan 60. Ribar kenan gaba ɗaya: minti ɗaya. Lakcar da minti ɗaya zai sa a rasa ta, dama tun daga gida aka makara.

Amma kada mu yaudari kanmu da allo. Mun san halin direbanmu, allon da aka rubuta 30 a jikinsa bai taɓa sa shi ɗaga ƙafa daga totur ba. Abin da ke rage gudu shi ne yadda aka gina titin. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai santsi, gayyatar gudu yake yi ko da alluna goma aka kafa. Tudun rage gudu da aka yi shi a kan ƙa'ida, aka shafa masa fenti ana hango shi daga nesa, da wurin tsallakawa da aka ɗaga ya yi daidai da dakalin masu tafiya, da shataletale a mahaɗa, su ne masu gadin da ba sa barci kuma ba sa karɓar na goro. Mun ce a kan ƙa'ida, domin irin tudun da matasan unguwa ke tarawa da ƙasa da dare bayan an kaɗe yaro, sau da yawa shi ma kayar da masu babur yake yi.

Sai hanyar masu ƙafa, wadda ita ce aka fi mantawa. A makarantu da yawa za ka ga an zuba kwalta mai kyau, an yi lambatu hagu da dama, an bar su a buɗe, shi kenan an gama. Ɗalibi ina zai bi? Dole ya hau kwalta ya yi gogayya da mota. Ɗalibi makaho mai sanda fa, ko mai keken guragu? A wurinsu lambatu buɗaɗɗe rami ne da aka haƙa musu. Sannan akwai rana. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Kano ya san ba wanda zai bi dakalin siminti a tsakar rana alhali ga inuwa a tsallaken titi. Ɗalibai inuwa suke bi, kuma gajeriyar hanya suke bi. Mai tsara haraba mai hankali zai bari a yi zango ɗaya na karatu, ya je ya duba inda ƙafafu suka kashe ciyawa suka fitar da turba, ya shimfiɗa hanyarsa a nan, ya jera darbejiya a gefenta. A tsohuwar makaranta gyaran wannan sai an fasa an sake. A Kabo, inda gini bai ƙare ba, zane ne kawai za a gyara a takarda. Muddin kuma ana gini, tifofin yashi da motocin siminti su sami ƙofarsu daban da hanyarsu daban. Direban tifa a sama yake zaune, ba ya ganin wanda ke dab da gaban motarsa ko gefenta.

Inda ya fi ko'ina haɗari ma ba a cikin makaranta yake ba, bakin ƙofa ne. Nan ne dokar makaranta ke ƙarewa, ta babban titi ta fara. Ku tsaya a ƙofar kowace babbar makaranta da ke bakin titi da ƙarfe takwas na safe ko huɗu na yamma. Adaidaita sahu ta tsaya a kan kwalta tana sauke fasinja, motar haya ta tsaya a bayanta, mai rake da mai awara sun kafa teburi, ɗalibai na fitowa ta tsakanin motoci ba sa ganin abin da ke tahowa, ga tirela ta taho da kaya ba ta da niyyar tsayawa. Hukumar makaranta tana iya cewa titin ba nata ba ne. Gaskiya ne, amma ɗaliban nata ne. Abin da ya dace shi ne a ja ƙofa ta shiga ciki, a ware fili na saukewa da ɗauka nesa da kwalta, a raba ƙofar masu ƙafa da ta motoci, sannan a zauna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da KAROTA da shugabannin tasha a kan yadda za a riƙa tsallakawa.

Maganar ajiye mota kuwa maganar adalci ce. Kowa inuwa yake nema wa motarsa, sai ka ga an hau dakalin masu tafiya an ajiye ta a gindin bishiya, mutane kuma an tura su titi. Wani ya toshe ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai, inda motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana za ta bi ran da aka shiga uku. Dokar a nan gajeriya ce: wurin ajiye mota a gefen haraba, a shata shi, a rufa masa inuwa don kada a sami hujja, a ware gurbin masu buƙata ta musamman kusa da ƙofar gini, kuma kowa ya ajiye motarsa tana kallon waje don kada ya fito da baya cikin taron ɗalibai. Wahalar tana wajen wanda doka za ta hau. Ranar da mai gadi ya ɗaure tayar babur ɗin ɗalibi, ya sara wa motar wani babba da ke kan dakali ɗaya, ranar dokar ta mutu. Ba za mu zargi mai gadin ba. Albashinsa bai kai ya yi jayayya da mai baƙin gilashi ba, sai in ya tabbata shugaban makaranta da kansa a cikin layi yake ajiye tasa.

Mun san akwai masu cewa a huta, a hana babura shiga makaranta kawai. Muna da darasi a kusa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni. Dalilin tsaro ne, amma buƙatar tafiya ba ta gushe ba, sai adaidaita sahu ta cika gurbin da nata irin cunkoson. A Kabo da Gwarzo babur ne ƙafar talaka, shi ke kai mutum Getso da Lakwaya da Gammo da Godiya. Ɗalibin da ya taso daga ƙauye a kansa zai zo, kuma samarin gari da yawa da shi za su ci arzikin jami'ar. Hanawa ba tare da an tanadi madadi ba, ɗalibai mata da marasa lafiya za ta fi cuta. Gara a yi musu rajista, a ba su riga mai lamba, a kafa musu tasha, a hana goyon biyu, a wajabta hular kwano. A kuma riƙa tuna wa 'yan uwanmu mata su tattare hijabi da zani kafin babur ya tashi, haka maza masu babbar riga. Gefen mayafi idan ya shiga sarƙa ko taya, fizgo mutum yake yi ƙasa.

Don mun ce mai ƙafa ke da hanya, ba mu ce ya rufe ido ba. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ma'anar wannan ga mai tafiya a titin da ba shi da dakali ita ce ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke tahowa, ya gan su su gan shi. Mu nawa ne muka san haka? Ga jerawa mutum huɗu ana hira a kan kwalta, ga abin sauraro a kunne, ga ido a kan waya. Da dare kuma, ko da asubar hunturu lokacin da hazo ya sauka, mai baƙaƙen kaya ba ya ganuwa sai an zo kansa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Dokokin makarantunmu da Turanci ake rubuta su, a cikin littafin da ake raba wa sababbin ɗalibai su jefa a ƙasan akwati. Amma su wa ke tuƙi a cikin haraba daga safe zuwa dare? Ɗan acaɓa ne, da mai adaidaita, da direban tifa, da mai kawo burodi kanti. Ba wanda ya ba su littafin, kuma ko an ba su, ba da harshensu aka yi shi ba. Rubuta doka da Hausar da direba zai karanta cikin daƙiƙa biyu yana tafe, aikin marubuci ne, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Gwada ka gani. "Sassauta, ɗalibai na tsallakawa" kalma huɗu ce, kuma ta fi doguwar jimlar da aka fassaro daga ofis. Wanda ya iya ajami ma ya ƙara shi a ƙasa, akwai masu karanta shi da yawa a tasha.

Sannan mu dubi littattafanmu. Sau nawa muka karanta labarin da marubuci ya rasa yadda zai yi da wani tauraro, sai ya ɗora shi a mota ya aika shi Kaduna, a babi na gaba a bugo waya a ce ya rasu? Haɗarin mota ya zama mana tsintsiyar share wanda ya tsaya wa labari a gaba. Ba gudu, ba waya a hannun direba, ba tayar da ta siɗe, sai dai a ce kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Idan za mu kashe tauraro a titi, mu nuna wa mai karatu sababin, ya ga allurar gudu inda ta kai, ya ga saƙon da ake rubutawa a waya. Labarin ma sai ya fi daɗi.

Akwai kuma al'adar da ta shigo ta ranar gama jarrabawar ƙarshe, inda ake aro motoci ana wasa da su a tsakiyar ɗalibai, wasu a zaune a bakin taga, ana juyi ƙura na tashi. Sau da yawa mai tuƙin ko lasin ba shi da shi. Makarantar da ba ta riga ta yaye ɗalibai da yawa ba tana iya rufe wannan ƙofa tun kafin ta zama gado: ranar gama jarrabawa motar ɗalibi ko ta abokinsa ba ta wuce wurin ajiye motoci na bakin ƙofa.

Ƙungiyoyin ɗaliban Gwarzo da na Kabo suna da bakin da hukumomin makarantun nan za su saurara. Abin da suke buƙata shi ne takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, da za su miƙa wa magatakarda, su kai kwafinta tasha da fadar hakimi. A cikinmu akwai masu difloma a tsara birane da safiyo da suka fito daga makarantar Gwarzo, akwai kuma masu alƙalami. Duk wanda zai iya zana taswirar bakin ƙofar makarantar da ya sani, da inda ake tsallakawa da inda adaidaita ke tsayawa, ya kawo ta mako mai zuwa mu fara daga nan.