Motar Hannu da Aibin da Ke Ɓoye a Cikin Waya

Gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina a zangonta na biyu tsakanin 2011 da 2015, mahaɗa ce ta motocin Kano: masu fitowa daga cikin birni ta titin gidan Sarki, da ma'aikatan da suka taso daga sakatariyar Audu Baƙo, da masu nufar titin Zariya. Wanda ya saba bi ta nan da la'asar ya san wani abu da ba ya wuya a gani. Mota mai sheƙi, wadda ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba, sai ta tsaya cak a tsakiyar cunkoso. Akwai mai a tanki, injin bai yi wata ƙara ba, amma mai ita yana murɗa makulli ba ta amsawa. 'Yan Adaidaita Sahu suna ta hon, ɗan KAROTA yana ɗaga hannu, samari su turo ta gefen titi. Kafin magariba an ɗauko mai wayarin, ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, mota ta tashi. Bayan mako guda ta sake mutuwa a wani wurin.

Abin da aka saba cewa shi ne sayen motar hannu sa'a ne. Wannan magana tana kwantar da hankali, amma tana wanke masu laifi. Yawancin matsalolin lantarki da ke addabar motocin da ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam suna da sanadi sananne, kuma sau da yawa a rubuce yake tun kafin a ɗora motar a jirgin ruwa. Mai saye ne kaɗai bai sani ba. Muddin aka bar nauyin gano aibi a wuyansa shi ɗaya, cinikin mota a Kano zai ci gaba da zama cinikin biri a sama.

Daga Fijo zuwa kwamfuta mai taya

Dattawan makanikai sun koyi sana'a a kan Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a masana'antarsa ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Lantarkin wannan mota bai da yawa: batir, caja, kik, kwayil, fulogi, fitilu da hon. Da ƙwan fitila ɗaya da guntuwar waya, ƙwararre kan bi layin wuta har ya iske inda ta yanke.

Motar da ake shigowa da ita yau wata halitta ce daban. Tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, wata tana kula da inji, wata da giya, wata da birki, wata da jakar iska ta kariya. Suna magana da juna ta wani tsari da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, inda saƙonni ke gudana a kan tagwayen wayoyi da aka murɗe tare. Saboda haka inda ciwo ya bayyana ba lallai ne nan yake ba. Wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota tana iya yin tsatsa, sai giya ta fara fizga. Soket ɗaya da ya jiƙe a ƙarƙashin kafet yana iya hana inji tashi, ko ya shanye batir cikin dare. Wanda ya tunkari irin wannan mota da ilimin Fijo zai yi ta canza kayan da lafiyarsu lau, mai mota yana biya.

Abin da ruwa ya ci a Amurka

A watan Oktoba na 2020, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Najeriya na cikin manyan masu saye. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka lissafa cewa gyaransu ya fi darajarsu. Wasu haɗari suka yi, wasu kuma ruwa ne ya ci su.

Kowace babbar guguwa a can tana cika waɗannan filayen gwanjo. Katrina ta yi haka a 2005, Sandy a 2012, Harvey ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a yankin birnin Houston a 2017, sannan Ian ta biyo baya a jihar Florida a 2022. Motar da ta yi haɗari ana iya gane ta daga fenti da walda. Wadda ta nutse kuwa, da an wanke ta an shanya, ta fi kowace kyau a filin dillalai. Ruwan ya riga ya shiga cikin soket-soket, ya bi ta ƙarƙashin robar waya. In na teku ne, gishirinsa zai zauna yana cin tagulla a hankali, ta koma koriya, ta rube. Wannan aiki yana ɗaukar watanni, shi ya sa motar kan sauka a Legas ko Kwatano lafiya, ta iso Kano lafiya, a gwada ta lafiya, sai bayan an biya kuɗi an yi wankan mota sannan gilashi ya ƙi sauka, fitilun dashbod su fara walƙiya.

Akwai kuma motocin da aka ƙera da sitiyari a dama domin ƙasashe irin su Japan da Ingila. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, sai an mayar da sitiyarinsu hagu kafin su shiga kasuwa. Wannan juyi yana buƙatar a yanke dammen wayoyi a ƙara musu tsawo. Inda aka yi aikin da murɗawa da salatif, kowane ƙulli wuri ne da wuta za ta iya yankewa ko ta tashi.

Abin da ake ƙara mata a gida

Ba duk laifin ne na ƙetare ba. Zafin Kano na watan Afrilu, da ke kaiwa digiri 40, yana rage wa batir kwana. Ƙurar hunturu tana cika soket, ruwan Agusta da ke kwanciya a tituna yana shiga ta ƙasan mota. Waɗannan ba su da makawa. Abin da ke da makawa shi ne wasu al'adun gareji da suka zama jiki.

Na farko shi ne cire kan batir alhali inji yana aiki, wai don a gane ko caja tana caji. A tsohuwar mota wannan bai cika yin lahani ba. A ta zamani, batir ne ke shanye hauhawar wuta, kuma cire shi na iya ƙona kwamfutar inji nan take. Na biyu shi ne ɗaure fis da waya idan ya ƙone. An yi fis ne domin ya mutu a madadin mota. Wanda ya maye gurbinsa da waya mai kauri ya mayar da dukan wayoyin motar su zama fis, kuma wasu daga cikin motocin da ake gani suna ci da wuta a gefen titi daga nan suka faro. Na uku shi ne cire abin da ke daidaita zafin inji a haɗa fanka kai-tsaye, sai kwamfuta ta riƙa ganin inji bai yi ɗumi ba tana ƙara masa mai. Na huɗu, wanda ya fi kowanne muni, shi ne kashe fitilar gargaɗi: a cire ƙwanta ko a liƙe ta ta ciki, domin mai saye ya ga dashbod fes. Idan fitilar jakar iska aka yi wa haka, ran mutum ne aka jefa cikin caca, domin ba zai san jakar ba ta aiki ba sai ranar da ya buƙace ta.

Daga nan sai zarya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, a sayo wata kwamfutar ta hannu a ɗaura. In ba a gano abin da ya ƙona ta farko ba, ta biyun ma za ta bi ta. Ma'aikacin da ya tara adashen shekaru, ko ya sayar da fili ya sayi mota domin kai yara makaranta, sai ya wayi gari yana ciyar da gareji kamar gida na biyu.

Jiƙaƙƙen abinci a ƙasan tsibi

Kano ba ta buƙatar a koya mata hukuncin wannan lamari daga waje. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, aka kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan dacewa da motar da ta nutse aka goge ta. Ba a hana mutumin sayar da abincinsa ba. An umarce shi ne ya bayyana. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, irin su Risala, sun haramta ɓoye aibi a ciniki, kuma malamai sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya iske tsohon aibin da aka rufe masa.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye game da halin kaya, kuma Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiwatarwa a filin sayar da motoci.

Kayan aikin bayyanawa kuwa suna nan, kuma ba su da tsada. Yawancin motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Da ita ake neman tarihin motar Amurka a intanet ta kamfanoni irin su Carfax, sau da yawa har da hotunanta a filin gwanjo. Hukumar kwastan da kanta ta fara amfani da wannan lamba a 2022 wajen ƙiyasta kuɗin fito. Idan lamba ta isa a karɓi haraji da ita, ta isa a kare ɗan ƙasa da ita. Haka kuma tun 1996 doka ta wajabta wa kowace motar da ake sayarwa a Amurka soket na bincike a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Na'urar da ake soka wa a nan tana nuna kurakuran da kwamfuta ta adana, tana kuma tona asirin wanda ya goge su kwanan nan, domin gwaje-gwajen cikin motar za su nuna ba su kammala ba.

Mai saye ma yana da nasa rabon. Da an murɗa makulli kafin a tayar da inji, dukan fitilun gargaɗi su kama sannan su mutu, wadda ba ta kama ba an taɓa ta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, kuma tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki. Laka a ƙarƙashin kafet, tsatsa a ƙarfen kujera, tabon ruwa a ƙarshen bel idan aka jawo shi duka, da warin rima da aka danne da turare, duk shaidu ne.

Hujjar dillalai

Dillalai suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Da yawansu ba su ne suka sayo motar daga gwanjo ba, a hannu na uku ko na huɗu ta iso gare su. Sannan tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, mai saye araha yake nema, kuma motar da ba ta da tabo ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kiran a hana shigo da tsofaffin motoci ba mafita ba ne. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, amma hakan bai sa motar da ruwa ya ci ta daina isowa ta tashar jiragen ruwa ba. Ƙayyade shekaru ma ba ya kama ta, domin motar da ta nutse tana iya zama 'yar shekara biyu.

Sai dai rashin sani ya daina zama uzuri a lokacin da binciken mintuna kaɗan a wayar hannu zai kawar da shi. Wanda ya karɓi la'ada ya karɓi amana tare da ita. Motar da aka bayyana aibinta za ta sami mai saye a farashinta, wataƙila makanike ne da ya san yadda zai yi da ita. Abin da dillali zai rasa shi ne bambancin kuɗin da ke tsakanin farashin gaskiya da na rufa-rufa, kuma wannan dama ba halalinsa ba ne.

Matakin da ya dace ƙarami ne. Ƙungiyar dillalan motoci da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha su amince da takarda guda da za ta bi kowace mota: lambar shasi, tarihin gwanjo in akwai, sakamakon binciken na'ura na ranar ciniki, da sa hannun mai sayarwa cewa za a mayar da kuɗi idan aka iske an ɓoye nutsewa, ko juya sitiyari, ko kashe fitilar gargaɗi. Ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, su faɗaɗa horon masu wayarin, har yaron gareji ya san karanta taswirar waya da awon wuta kafin a ba shi almakashi.

Kasuwar Kurmi, wadda ke can cikin ganuwa, ta shafe ƙarnoni tana karɓar fatake daga nesa saboda ana iya dogara da maganar dillalinta. Filayen sayar da motoci na yau magadan wannan suna ne. Ranar da dillalin Kano zai miƙa wa mai saye takardar tarihin mota tun kafin ya miƙa masa makulli, cunkoson Ƙofar Nassarawa zai ragu da 'yan motoci, gidaje da yawa kuma za su tsira da dukiyarsu.