Sanin Aiki: In Alamar Manhaja Ta Ɓace

A Gure yanzu ana samun kwamfuta a ofis-ofis, da lakwal, da wurin masu buga takardu a bakin kasuwa. Matsala ɗaya ta yawaita. Ma'aikaci ya zuba sabuwar manhaja, ya duba allo, bai ga alamarta ba. Sai hankali ya tashi. Wani ya ɗauki na'urar ya biya kuɗin mota har Damagaram. Wani kuma ya sa a share kome a sake zubi, takardun shekara guda su tafi a banza.

To, alamar da ke kan allo ba ita ce manhajar ba. Manuniya ce kawai, kamar allon da ke nuna hanyar gari. Ita manhajar tana ciki. Wasu manhajojin ma ba su kafa alama sai an zaɓa lokacin zubi.

Tun da yawancin na'urorin Nijar da Faransanci suke, sai a latsa Démarrer, a rubuta sunan manhajar. In ta fito ta buɗe, babu abin da ya lalace. A Windows 7, a latsa sunan da maɓallin dama na linzami, a bi Envoyer vers, a zaɓi Bureau. Alama za ta fito.

In kuwa duk alamomin ne suka ɓace gaba ɗaya, a latsa dama a fili kan allo, a shiga Affichage. Akwai layin da ke nuna alamomi ko ya ɓoye su. Sau da yawa yara ne suka taɓa shi.

Masu Windows 7 su lura. Wannan na'ura tana shara da kanta, in ta tarar da alamomi fiye da 4 waɗanda ba su kai ko'ina, sai ta kwashe su. Alamar abin da ke cikin kile takan shiga wannan sahu da zarar an zare kilen. Kuma tun 14 ga Janairu 2020 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7.

Abin tsoro shi ne kilen da aka buɗe aka ga takardu duk sun koma alamomi masu ƴar kibiya. Wannan ƙwayar cuta ce. Kada a latsa su, kada kuma a share kilen, domin galibi takardun suna nan a ɓoye. A kai wa wanda ya san aikin.