Ƙungiyar Mother Love Bone: Mutuwar Ƙuruciya Ba Abin Kirari Ba Ce

Akwai wani zance da masu son kiɗan Turawa suke yawan yi, wai mawaƙin da ya mutu da ƙuruciyarsa shi ne sunansa ba ya mutuwa. Ni dai ban yarda da wannan ba, hujjata kuwa ita ce tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Siyatil a ƙasar Amurka, wadda ake kira Mother Love Bone.

A Siyatil ne aka haifi salon kiɗan nan da ake kira giranj, watau kiɗan jita mai nauyi da ƙara, wanda galibin waƙoƙinsa na ɓacin rai ne da kokawa. Daga cikin waɗanda suka share masa fage akwai ƙungiyar Green River. Da ta watse, sai uku daga cikin makaɗanta, Jeff Ament da Stone Gossard da Bruce Fairweather, suka haɗa kai da mai ganga Greg Gilmore da wani saurayi mawaƙi, Andrew Wood. Shi Wood ya sha bamban da tsaransa, gama mutum ne mai fara'a da barkwanci, mai son ado in zai hau dandali.

Kafin ƙarshen 1988 babban kamfanin faifai na PolyGram ya ɗauke su. A 1989 suka fitar da ƙaramin faifai mai suna Shine, sa'an nan suka kammala babban faifansu, Apple. Amma fa Wood ya daɗe yana fama da hiroyin, har ya kwanta gidan jinyar masu shaye-shaye a ƙarshen 1989. Ana gab da fitar da Apple ya sake komawa gare ta, ta fi ƙarfinsa, ya rasu ran 19 ga Maris 1990 yana da shekara 24. Faifan ya fito cikin Yuli, alhali ƙungiyar ta riga ta watse.

To, masu wancan zance sukan ce ai rasuwarsa ta haifi alheri. Abokinsa Chris Cornell na ƙungiyar Soundgarden, wanda suka taɓa zama gida ɗaya, ya tsara masa waƙoƙin ta'aziyya da suka zama faifan Temple of the Dog a 1991. Ament da Gossard kuma suka kafa Pearl Jam tare da Mike McCready da Eddie Vedder, faifansu na farko, Ten, aka sayar da fiye da miliyan 13 a Amurka kaɗai. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai mu tambayi kanmu, wa ya yi wannan aiki? Rayayyu ne suka yi shi. Ament da Gossard sun kai ga fitar da sabon faifai har a 2024, shi kuwa Wood babban faifai ɗaya tak ya yi da Mother Love Bone, bai ma ga fitowarsa ba. Waƙoƙin da zai yi a shekara talatin da suka biyo baya, babu kunnen da zai taɓa jin su.

Abin baƙin ciki, tsaransa ba duka suka ɗauki darasi ba. Kurt Cobain na Nirvana, wanda shi ma ya yi fama da hiroyin, ya kashe kansa a 1994 yana da shekara 27. Layne Staley na Alice in Chains kuwa ƙwaya ta yi ajalinsa a 2002.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, in mun saurari waɗannan faifai mu yaba baiwar, amma kada mu yi wa abin da ya kashe mai baiwar kirari. Wanda ke da aboki mai hazaƙa da ya fara kama wannan hanya, kada ya tsaya tafa masa, ya kama hannunsa zuwa wurin likita tun da sauran lokaci. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma kafin nan, a taimaka a kashe tasa wutar.