Ɗaure Akuyarka, Gyara Dangarka: Kira Ga 'Yan Ƙungiya Kafin Faɗuwar Damina

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan abin da wasu za su ga kamar bai kai a ɓata masa takarda ba, wato akuya da kaza da ɗan lambun bayan gida. Dalilinmu shi ne bazara ta shigo, kuma kowace shekara daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ƙorafin da ya fi yawan zuwa gaban dattawan ƙungiya shi ne dabbar wane ta shiga lambun wane.

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Hunturu ya wuce, zafi ya sauka, harawa da karmamin da aka tara a kan rumfa tun kaka sun kusa ƙarewa, dusa ta yi tsada, ciyawar bayan gari kuma ta bushe ko wuta ta cinye ta. Sai mai akuya ya ga sauƙinsa shi ne ya kwance ta da safe ta je ta nemi abin da za ta ci. To a wannan lokaci babu wani abu ɗanye a unguwa sai alayyafo da yakuwa da kuɓewa da zogalen da wata baiwar Allah take ɗebo ruwa tana ba su safe da yamma, alhali rijiya ta ja baya, ruwan ma wani lokaci saye ake yi a hannun 'yan garuwa. Wahalar wata biyu sai akuya uku su gama da ita kafin a dawo daga kasuwa. Wannan lambu kuwa shi ne miyar gidan, shi ne kuɗin sabulu da na tara na yara.

Abin da ya sa wannan magana ta shafi takardarmu ta haƙƙoƙi shi ne matsayinmu a garin nan. Iyayenmu da kakanninmu sun zo Kontagora daga ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano, wasu fatauci ya kawo su, wasu noma, wasu almajiranci. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a ƙarni na 19 ya karɓe mu, mun zauna da mutanen gari da Kambari da Dukkawa, mun yi auratayya, muna zuwa suna da jana'izar juna. Alhamdu lillahi. Amma duk da haka mun sani idan rai ya ɓaci, kalmar da take saurin fitowa daga baki ita ce "ai dama ku baƙi ne". Da zarar ta fito, an bar maganar alayyafo an koma maganar asali, ita kuwa maganar asali ba ta da farashin da za a biya a wuce wurin. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri, ya ƙare da asarar rayuka masu yawa. Ba ma fatan irin wannan a nan, shi ya sa muke cewa a kashe wuta tun tana ƙarama.

Ta fuskar dokar ƙasa, zamanmu a nan ba alfarma ba ne. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa da zama a duk inda ya ga dama a cikin Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina a ƙasar. Muna roƙon kowane magidanci ya riƙe waɗannan lambobi uku, wanda bai iya karatu ba ya sa yaro ya karanta masa. Sai dai babu sashen da ya ba akuyar kowa izinin cin lambun wani. Wanda yake son a kiyaye masa haƙƙinsa na zama, shi ma akwai haƙƙin maƙwabci a wuyansa, kuma da shi ake auna mu kullum.

Addininmu ya riga ya yi bayanin wannan mas'ala. A cikin Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, an ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, lokacin da suka yi hukunci a kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Malaman tafsiri sun ce hukuncin Annabi Sulaimanu shi ne mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu da gashinsu, masu tumaki kuma su yi aikin gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Sahabi Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, inda aka hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan mai lambu, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuma tana kan mai dabba. Haka yake a cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa rangwamen rana na wanda ya saki dabbarsa ne nesa da shuka. Saboda haka wanda ya kwance akuya a tsakiyar unguwa, yana ganin lambun maƙwabcinsa a jikin katangarsa, kada ya fake da cewa ai da rana ne. Wannan hukunci ya raba nauyin gida biyu, kuma bai tambayi kowa garin da kakansa ya fito ba.

Ga masu dabbobi, shawararmu ita ce a kafa turke, a ɗaure, a nemi abinci tun da wuri. Ƙaiƙayin wake da ɓawon rogo da dusar da aka tace koko duk suna riƙe akuya zuwa damina. Ɗaurewar ma riba ce ga mai ita, domin akuyar da take yawo a bola leda take ci, ledar ta taru a tumbinta ta rame har ta mutu, ban da mota da babur da ɓarayi. Kaji kuma a rufe su a akurki a kwanakin da maƙwabci ya yi sabuwar shuka, domin tonon kaza ɗaya yana tashin fangali guda. Idan yara ne suke kula da dabbobin, maigida ya duba da kansa bayan sallar magariba ya tabbatar kowace ta shigo.

Ga masu lambu, a gyara darni da karan dawa ko ƙaya tun kafin shuka ta fito, a sa ƙyaure mai rufuwa. Idan dabba ta shiga, a kama ta a ɗaure a inuwa, a ba ta ruwa, a kira mutum biyu su ga ɓarnar da idonsu, sannan a aika wa mai ita. Muna gargaɗi da babbar murya a kan karya ƙafar akuya, ko saran ta, ko zuba maganin ɓera a cikin dusa a ajiye a bakin danga. Wanda ya yi haka ya mayar da kansa mai laifi bayan shi ne mai gaskiya, kuma guba ba ta san akuya ba, ba ta san kaza ba, ba ta san yaro mai rarrafe ba.

Har ila yau akwai batun filin aro. Da yawa daga cikin lambunan mutanenmu a kangon wani suke, wanda ya ce a riƙa taɓawa kafin ya tashi gini. Wannan alheri ne, amma a yi shi gaban shaidu, in da hali a rubuta 'yar takarda, a faɗi cewa aro ne da ranar da aka bayar. Kada a dasa mangwaro ko gwaiba ko darbejiya a filin aro sai da izinin mai shi, domin a al'ada dasa itace alama ce ta mallaka, kuma bayan mutuwar iyaye 'ya'ya ne suke gadon rigimar. Wanda kuma ya sayi filinsa da kuɗinsa, ya nemi takardunsa ya adana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamnan jiha, saboda haka takardar ciniki da ta shaidar mallaka su ne za su yi wa marayunka magana ranar da ba ka nan. A cikin irin wannan fili, dasa duk itacen da kake so. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, to mu da aka binne iyayenmu a maƙabartun garin nan mun wuce wannan karin magana.

Masu karen gadi su ɗaure shi da rana, su kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura, tana yin ta kaji da ta awaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da ciwon haukan kare yake kamawa daga kare suke samunsa, kuma idan alamun ciwon suka bayyana da wuya a tsira. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, mai karen kuma ya ɗauki nauyin magani ba tare da an kai ruwa rana ba. Kyanwa da tattabaru su ma suna da haƙƙi a kanmu a wannan zafi. A ajiye musu ruwa a kasko a inuwa. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Idan duk da wannan ɓarna ta auku, a bi matakai. A fara da zuwa gidan maƙwabci da sallama, namiji ga namiji, mace ga mace, kada a bar yara su kai saƙo. In ba a daidaita ba a kira dattawan unguwa ko liman, sannan mai unguwa, daga nan dagaci ko hakimi. Kotu tana nan, amma ita ce ta ƙarshe, domin maƙwabcin da ka kai kotu a kan kwandon alayyafo shi ne zai fara shigowa da bokitin ruwa ranar da gobara ta tashi a gidanka. Idan dabbarmu ce ta yi ɓarna, mu biya da sauri, mu ba da haƙuri, kada mu jira a ce. Idan kuma lambunmu aka ci, mu nemi haƙƙinmu cikin ladabi, kada tsoron a kira mu baƙi ya sa mu haɗiye, domin haɗiyar yau ita ce gabar gobe. Wanda ya ga dama ya yafe bayan an tabbatar masa da gaskiyarsa, wannan ya fi lada. Duk wanda aka hana shi haƙƙinsa saboda asalinsa, ya sanar da ƙungiya, dattawa za su raka shi gaban mai unguwa.

Muna roƙon a karanta wannan takarda ga iyaye mata a cikin gida, domin akasarin awakin nasu ne, lambunan ma nasu ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Kontagora da Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya bar mu da maƙwabtanmu cikin mutunci. Amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Kontagora.